Shekarar 1983 a Kan Zaren Kaset

Sana'ata ta farko a duniya ɗaukar kaset ce. Ina ɗan shekara goma sha bakwai aka danƙa ni a hannun maigidana, a wani ɗan shago cikin Sabon Garin Kano, kuma shekarar da ya fara barina in zauna gaban rikoda ni kaɗai ita ce 1983. Shi ya sa waƙoƙin Turai da Amurka na wannan shekara suka zauna mini daban da na kowace shekara. Wasu sun san su a wurin rawa, wasu a cikin mota. Ni a jikin allurar mita, mai nuna ƙarfin sautin da rikoda ke ɗauka, na san su, don kowace waƙa da irin yadda take motsa allurar nan, kuma in ba ka san halinta ba sai ta ɓata maka kaset.

Ma'aunin da duniya ke kallo a lokacin shi ne jadawalin mujallar Billboard ta Amurka, mai jera waƙoƙi ɗari duk mako bisa yawan faifan da aka sayar da yawan sa waƙar a gidajen rediyo. Birtaniya ma tana da nata. Mu dai labarin yakan iso mana a makare, ta tsofaffin mujallu, da tashoshin waje da ake kamawa cikin dare, da bakin ɗaliban da suka dawo hutu daga Ingila da faifai a cikin akwati. Wasu fayafayan a Legas ake buga su, sun fi sauƙin samu. Amma tun da gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982 kayan waje suka yi wuya, faifai guda ya zama dukiya. Faifai ɗaya ne zai ciyar da kaset ɗari, saboda haka abin da aka fara koya mini shi ne yadda ake riƙe shi: a gefe, da tafin hannu biyu, yatsa ba ya taɓa layin waƙa. Ajiyarsa a tsaye, cikin rigarsa, nesa da taga. Faifan da aka kwantar aka ɗora masa wasu a kai a zafin watan Afrilu, kafin mako ya kanannaɗe kamar marfin tukunya, kuma ba ya miƙewa.

Kayan aikin ba su da yawa. Garmaho mai gudu biyu, 33 da ɗigo na babban faifai da 45 na ƙarami, sai amfilifaya, sai rikodar ɗauka guda biyu, sai lasifika. Garmaho ba a jona shi kai tsaye da rikoda. Sautin da ke fitowa daga allura ƙanƙane ne ƙwarai, kuma tun a masana'anta an rage masa kauri an ƙara masa kaifi don layin ya shige faifai, sai ya bi ta ramin da aka tanadar masa a bayan amfilifaya kafin ya dawo daidai. Akwai kuma wata siririyar waya da ke fitowa daga garmaho, wadda ake ɗaurewa a kusar bayan amfilifaya. Duk wanda ya manta da ita zai ji wani gurnani a ƙarƙashin waƙa daga farko har ƙarshe, kuma gurnanin nan yana shiga kaset.

Nauyin allura kan faifai bai wuce giram ɗaya da rabi zuwa biyu ba a irin garmahonmu. Shaguna da yawa in allura ta fara tsalle sai su ɗora mata kwabo a kai. Tsallen yakan tsaya, amma kwabon nan yana sa allura ta riƙa sassaƙe layin, bayan sawa ashirin ko talatin kaifin waƙar ya tafi har abada. Maigidana bai taɓa yarda da wannan ba. Tsarinsa shi ne, ranar da sabon faifai ya shigo a ɗauke shi sau ɗaya a kan kaset mafi kyau, wannan ya zama uwa, a mayar da faifai rigarsa. Daga uwar ake ɗaukar wa masu saye na yau da kullum. Wanda ya ce lallai daga faifai yake so, kuɗinsa daban.

Kaset kuwa iri-iri ne, kuma a nan ne mai saye yake cutuwa bai sani ba. C60 minti talatin ne kowane gefe, C90 minti arba'in da biyar, C120 awa guda. Akwatin duk girmansa ɗaya, saboda haka yawan minti yana nufin siririn zare. Zaren C60 ya fi kauri da juriya, shi muke ba direbobi. C90 shi ne tsaka-tsaki. C120 ba na ba kowa shawarar sa, don zarensa kamar fatar albasa yake, rikodar mota tana taɓa shi take miƙar da shi. Ban da tsawo akwai nau'in garin da aka shafa wa zaren. Na gama-gari mai launin ƙasa, irin su TDK D, yana ɗaukar kaurin sauti da kyau amma yana da huci. Na kurom mai duhu, irin su TDK SA da Maxell XLII, hucinsa kaɗan ne kuma yana riƙe kaifi, sai dai dole a juya maɓallin rikoda zuwa wurinsa kafin ɗauka, in ba haka ba sautin ya fito a gurɓace. Sai na jabu, masu kwaikwayon suna da kwali. Ana gane su a hannu: ba su da nauyi, akwatin manne yake da gam maimakon kusoshi biyar, kuma in ka sa sau uku za ka ga jan gari ya taru a kan hedi, ɗan ƙarfen rikoda da zare ke gogawa don ɗaukar sauti ko fitar da shi. Araha ba ta ado.

Faifan da ya riƙe shekarar nan shi ne Thriller na Maikal Jakson, wanda ya fito a ƙarshen Nuwamban 1982, Quincy Jones ya tsara shi. Waƙa tara ce a ciki, bakwai daga cikinsu suka shiga goman farko a Amurka, kuma faifan ya yi mako 37 a saman jadawalin manyan fayafayai. A wurinmu masu ɗauka yana da wata falala da ba a faɗa: tsawonsa duka minti 42 ne da 'yan daƙiƙu, watau yana shigewa gefe ɗaya na C90 ɗas, har da ɗan saura. Ɗaya gefen kuma sai mai kaset ya zaɓi abin da yake so. Ban san adadin da na ɗauka ba, amma akwai watannin da ba a rufe shago ba tare da ya zagaya sau biyar ko shida ba.

Billie Jean ita ce jarrabawar duk wani yaron shago. Ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a watan Maris na 1983, ta yi mako bakwai a can. Tana buɗewa da ganga zalla, bugu mai tsabta, babu abin da ya rufe shi, sannan jitar bes ta Louis Johnson ta shigo tana zagaye wuri ɗaya. Yaro yakan ga allurar mita ba ta tashi sosai a farkon ba, sai ya murɗa maɓallin ɗauka sama. Kuskuren ke nan. Allurar mita irin ta da tana da nawa, ba ta iya bin bugun ganga mai sauri, abin da take nuna maka ya gaza abin da ke shiga zare. Kafin murya ta shigo zaren ya riga ya ƙoshi, gangar da ya kamata ta ce "tim" sai ta ce "buf", kuma duk inda mawaƙin ya ja numfashi ko ya furta harafin "s" sai ka ji tsaki kamar ana soya albasa. Ƙa'idar da na riƙe ita ce, a kaset na gama-gari allura ta riƙa wasa ƙasa da sifili, ta taɓa jan layi jefi-jefi kawai, a na kurom ana iya barinta ta ɗan leƙa ja da maki biyu. Kafin ka danna ɗauka sai ka ajiye allurar garmaho a wurin da waƙar ta fi ƙarfi, ka daidaita a nan, sannan ka koma farko. In ka yi daidai, ko a ƙaramar rikoda mai batir shida za ka ji gangar nan a tsaye, bes ɗin yana tafiya a ƙarƙashinta ba su haɗe ba. Har yau in na ji ta a wani wuri kunnena wurin gangar yake zuwa.

Beat It kuma ita ce ta farko a gefe na biyu na faifan, inda layi ya fi faɗi da tsabta, don haka ba ta ba da wahala sai a tsakiya, wurin da Eddie Van Halen ya saki jitarsa. Wannan jita ta rok ce tsantsa a cikin waƙar mawaƙin da aka sani da kiɗan rawa, kuma ita ta sa masu sauraron rok suka karɓi faifan. Kaifinta yana huda zare, in hedi ba shi da tsabta a nan asirinka zai tonu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wanda ya buga ganga a Beat It da wanda ya riƙe sauran jitar, Jeff Porcaro da Steve Lukather, 'yan ƙungiyar Toto ne, waɗanda tasu waƙar Africa ta hau na ɗaya a watan Fabrairun wannan shekara. A bayan kwalin faifai na karanta wannan, kuma daga nan na koyi karanta ƙananan rubutun kwali kafin in sa faifai, don sunan makaɗa yana gaya maka irin sautin da za ka tarar.

Waƙar da ta buɗe faifan, Wanna Be Startin' Somethin', tana ƙarewa da wani amshi da 'yan Kamaru mazauna Sabon Gari suka gane nan take. Daga Soul Makossa ta Manu Dibango aka ɗauko shi, ɗan Duwala, wanda ya fitar da ita a 1972. Maganar ta kai ga shari'a, daga baya aka sasanta da shi a wajen kotu. Nakan sa tsohon faifan Dibango a ɗaya gefen kaset ɗin in mai shi ya yarda, don ya ji inda abin ya samo asali.

Sai dai waƙar da Billboard ta ba matsayi na ɗaya a lissafin ƙarshen shekara ba ta Maikal ba ce. Every Breath You Take ce ta ƙungiyar The Police daga Ingila, wadda ta yi mako takwas a sama cikin damina. Matsalarta kishiyar ta Billie Jean ce. Kiɗanta ba shi da cunkoso, jita ce ke ɗiga a hankali, ga ganga, ga murya, tsakaninsu fili. A cikin filin nan hucin kaset yake fitowa fili, wannan "shuuu" da kowane zare yake da shi. Maganinsa shi ne maɓallin Dolby, wanda ke ɗaga siraran sautuka marasa ƙarfi lokacin ɗauka, ya mayar da su ƙasa lokacin sauraro, hucin ya bi su ya sauka da kusan maki goma. Amma sai rikodar mai sauraro ita ma tana da shi. Yawancin masu sayenmu tasu ba ta da shi, sai waƙar ta fito musu da ƙarin kaifi, kuma a rikodar mota mai dusasshen sauti wannan ƙarin yana yi musu daɗi. Saboda haka kafin in ɗauka nakan tambaya, "Yallaɓai, a mota za a sa ko a ɗaki?" Amsar ita ke gaya mini nau'in kaset, da ƙarfin ɗauka, da ko in danna Dolby.

Samari sun yi ta aika wa 'yan mata wannan waƙa a matsayin ta soyayya, saboda sanyinta. Wanda ya rubuta ta, Sting, ya sha faɗa cewa ta kishi ce da sa ido, mutum ne da ya ƙi sakin wadda ta bar shi. Wanda ya ce mini kyauta zai yi da ita nakan gaya masa gaskiya, in nuna masa Islands in the Stream ta Kenny Rogers da Dolly Parton, wadda ita ma ta hau na ɗaya a kakar wannan shekara. Mutanenmu dama suna da kunnen waƙoƙin kantiri, manya ma'aikata da malaman makaranta ba sa wuce Kenny Rogers da Don Williams, don maganar tana fita a hankali kuma kiɗan ba ya da hayaniya.

Total Eclipse of the Heart ta Bonnie Tyler ita ce ta fi kowace yaudarar mai ɗauka. Tana farawa da fiyano a hankali kamar raɗa, ta koma tsawa wajen ƙarshe. Wanda ya daidaita a farkonta, ƙarshenta zai tarwatse. Wanda ya daidaita a ƙarshenta, farkonta zai nutse cikin huci. Abin da muke yi shi ne a ɗan ɗaga a farko, a riƙe maɓallin da yatsu biyu, a riƙa saukar da shi kaɗan-kaɗan a cikin minti biyun farko yadda kunne ba zai kama ba. Hannu ne kawai ke iya wannan, kuma sai ka haddace waƙar.

Inda gwaninta take fita sosai shi ne kaset ɗin haɗe-haɗe, wanda mutum zai kawo takarda da sunayen waƙoƙi. Fensir da takarda ake fara ɗauka kafin kaset. Gefe ɗaya na C90 minti 45 ne, a cire daƙiƙa biyar na farin zaren farko da ba ya ɗaukar sauti, a bar daƙiƙa huɗu tsakanin waƙa da waƙa. Sannan a san wane bugu ake da shi a shago, don waƙa ɗaya tana da tsawo biyu ko uku. Let's Dance ta David Bowie minti huɗu ce da kaɗan a ƙaramin faifai, amma ta haura bakwai da rabi a babba. All Night Long ta Lionel Richie ta haura minti shida a babban faifai. Haɗin da na fi alfahari da shi a ƙarshen shekarar waƙa goma ne a gefe guda: in buɗe da Billie Jean, in bi ta da Beat It, sai gajeriyar Let's Dance, sai Sweet Dreams ta Eurythmics, Electric Avenue ta Eddy Grant, waƙar fim ɗin Flashdance ta Irene Cara, Down Under ta 'yan Ostareliya Men at Work, Africa, doguwar All Night Long, in rufe da The Police. Jimilla ya kusa cika minti 45, zaren yana ƙarewa daƙiƙu kaɗan bayan sautin ƙarshe ya mutu. Babu abin da ya fi zubar da mutuncin shago irin kaset ya ƙare a tsakiyar waƙa. Kuma ƙarfin fayafayai ba ɗaya ba ne, kowace waƙa sai an sake daidaita mata mita, in ba haka ba direba zai riƙa kai hannu wurin maɓallin ƙara duk bayan minti huɗu.

All Night Long ta jawo mana tambaya da yawa, saboda wani wuri a tsakiyarta da ake ji kamar yaren Afirka. Kowa da nasa hasashen. Shekaru bayan nan Lionel Richie da bakinsa ya ce wasu kalmomin ƙirƙirarsu ya yi. Electric Avenue kuwa sunan titi ne na gaske a unguwar Brixton ta Landan, kuma waƙar ta taso ne daga tarzomar da aka yi a unguwar a 1981, ko da yake mu rawarta kawai muka sani a lokacin.

Gambarar zamani, wato rap, ba ta kai saman jadawali ba a wannan shekara, kuma duk mai cewa ta kai ya manta. Rapper's Delight ta 1979 a matsayi na 36 ta tsaya a Amurka. The Message ta Grandmaster Flash da Furious Five, wadda ta fito a 1982 tana ba da labarin ƙuncin rayuwa a unguwannin talakawan birnin Niyok, a na 62 ta tsaya a can, ko da yake a Birtaniya ta shiga goman farko. Masu nemanta a wurinmu 'yan kaɗan ne, yawanci ɗaliban jami'a da 'yan sakandaren kwana, amma ba sa yarda da aikin banza. Waɗannan waƙoƙi a faifai mai faɗin inci goma sha biyu suke zuwa, waƙa ɗaya ko biyu a gefe guda, layinsu a warwatse, don haka ƙarfinsu ya fi na babban faifai nesa. Dole ka sauke maɓallin ɗauka sosai. A 1983 Run-DMC suka fito da It's Like That, a bayanta Sucker M.C.'s, wadda babu komai a cikinta sai injin ganga da muryoyi. Bugun injin nan ba shi da tausayi, kowane ɗaya ƙarfinsa ɗaya da na bayansa, in ka wuce gona da iri sau ɗaya ka wuce a duk waƙar. A ganina wannan faifai ya fi da yawa daga cikin waɗanda suka hau na ɗaya nuna inda kiɗa ya dosa.

Rockit ta Herbie Hancock, ita ma ta 1983, an sha dawo mana da ita ana cewa kaset ya lalace, saboda ƙarar gurzar faifai da ke cikinta. Sai mun sa ainihin faifan mutum ya ji da kunnensa cewa haka aka yi ta da gangan. Ɓarnar da ta biyo baya ita ce yara suka fara gwada gurzar a garmahon gida. Masu wannan aiki suna amfani da garmaho mai juyawa kai tsaye daga motarsa, watau ɗan injin da ke cikinsa, irin Technics SL-1200, da shimfiɗar ulu a ƙarƙashin faifai don ya zame, da allura mai jure komawa baya. Garmahon gida da bel yake juyawa. Ka riƙe faifai ka ja baya, bel ya saɓule ko ya miƙe, allura ta lanƙwashe, faifan kuma ya samu tabo.

Wuta ma tana da nata sharrin. In ta ɗauke a tsakiyar ɗauka, a koma farkon waƙar, wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne na janareta. Wasu garmaho motarsu tana bin bugun wutar ne, hamsin a daƙiƙa, in janareta ya yi sama ko ƙasa sai gudun faifai ya bi shi, murya ta yi kauri ko ta sirance. Ɗigon da ke gefen farantin da ake ɗora faifai, waɗanda ake duba gudu da su, fitilarsu ma da wannan wutar take aiki, saboda haka za su nuna maka komai daidai alhali ba daidai ba ne. Da agogo muke tabbatarwa: juyi ɗari a cikin minti uku cif, shi ne gudun babban faifai. Kayan da aka sayo daga Amurka kuwa na wuta 110 ne mai bugu sittin. Ba tiransifoma, ya ƙone nan take. Da tiransifoma ma, mai irin waccan motar zai riƙa jan waƙa da nawa, kashi ɗaya cikin shida.

Zaren kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, tsakanin wani siririn ƙarfe mai juyawa da 'yar tayar roba da ke matse shi. Rikoda tana cin kaset ne idan waɗannan biyun suna ci gaba da jan zare alhali ƙafar da ke naɗe shi ta tsaya, ko dai bel ya saki, ko robar ta yi santsi, ko datti ya sa zaren ya manne wa tayar ya naɗe ta. A ƙa'ida bayan awa goma na aiki ake goge hedi da ƙarfen da auduga da sipirit. Mu da hunturu kullum da safe muke yi, don ƙurar Kano ba ta jiran awa goma. Tayar roba kuma da ɗan ruwa muke goge ta, yawan sipirit yana busar da ita ta tsage. In sauti ya dusashe bayan an goge, to hedi ya karkace. Akwai 'yar kusa a gefensa, a sa kaset ɗin kamfani mai kyau, a mayar da amfilifaya sauti ɗaya, a riƙa juya kusar da ƙaramin sukudireba kaɗan-kaɗan har kaifin sauti ya fito sarai, sannan a ɗiga mata jan farce don kada ta motsa. Rikodar ɗauka mai karkataccen hedi ita ce mafi muni, don a shagonka kaset zai yi daɗi, a gidan mai saye ya zama kamar an rufe lasifika da bargo. Da rikoda mai baki biyu ta yawaita, mai ɗauka da ninkin gudu, shaguna suka ruga gare ta. Sauri ya haifi nawa: rabin lokaci ne, amma kaifin waƙa yana raguwa, kuma kwafin kwafi kowane hawa da ƙarin hucinsa.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa. Waɗannan waƙoƙi da muke ɗauka muna sayarwa, ko kwabo bai kai ga masu su ba. A lokacin ba mu ɗauke shi komai ba, kowa yana yi a fili. Sai da dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta fito aka fara maganar sosai, kuma ni kaina sai da na ga yadda irin wannan kwafi yake cinye guminsu mawaƙanmu na gida, waɗanda muke gani da ido, sannan abin ya dame ni. Haƙƙi ne, kuma ina roƙon Allah ya yafe mana. Daga baya na karkata ga gyaran rikoda da sayar da kaset na kamfani, har faifan CD ya zo ya tashi kasuwar.

Masu tsofaffin kaset na wancan zamani a cikin akwati suna yawan tambayata ko za su yi aiki. Da yawa za su yi, in ba a bar su a rana ko kusa da maganaɗisun lasifika ba. Kada a sa shi kai tsaye. A fara duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar baki, wanda ke danna shi jikin hedi, don gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, kuma ba shi sauti ba zai fito ba. Ana mayar da shi da ɗigon gam kaɗan. A sa biro mai kusurwa shida a rami a juya a ji ko zaren yana tafiya ba tauri. In ya yi tauri, a bubbuga kaset ɗin a kwance a tafin hannu, sannan a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi sau biyu don naɗin ya saki. In zaren ya tsinke, a kwance kusoshi biyar, a ɗora bakin biyu a kan juna a yanke su tare a karkace da sabuwar reza, a haɗa su baki da baki, a manna ta bayan zaren, gefen da ba ya taɓa hedi. Salatif na gama-gari yana narkewa da zafi ya manne wa zaren da ke kusa, in babu na haɗin zare sai a yanka shi siriri ƙwarai, kada ya leƙo gefe. In akwatin ne ya lanƙwashe, a ciro ƙafafun biyu da zarensu a mayar cikin wani akwati mai kusoshi. Sannan a ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset in ba a riga an ɓalle ba, don kada wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ya goge abin da ke ciki, kuma sawun farko da za a sa shi a jona rikodar da kwamfuta a ɗauke, allura tana wasa ƙasa da sifili.